Mai riƙe da takardar magani a ƙofar asibiti: kuɗi za a ba shi ko magani?

Ɗan Bukoki:
Assalamu alaikum. Duk mai wucewa ta ƙofar babban asibitin Yamai ko na Lamorde ya san ba a rasa wanda zai tare ka da takardar magani a hannu, ya ce yaronsa na kwance kuma kuɗi sun ƙare. Ba ka san shi ba, bai san ka ba. Wace hanya ce ta fi dacewa a taimaka masa, ba tare da an cuce ka ba, kuma ba tare da ka wulaƙanta mai gaskiya ba?

Maman Hadiza:
Wa alaikumus salam Malam. Ka sayi maganin da hannunka, shi ya fi. Amma kafin nan ka karɓi ordonans ɗin, wato takardar maganin, ka duba abu uku: kwanan wata, sunan mara lafiya da shekarunsa, sai hatimin likita da sa hannunsa. Takardar da ta kwana wata guda tana yawo a aljihu, ta yi laushi ta yi baƙi, ba ta mai jinyar yau ba ce. Idan ya ce jariri ne amma an rubuta shekara 40, ka ga magana ta ƙare.

Idan ta yi daidai, ku tafi farmasi tare. Ka roƙi mai sayarwa ya lissafa maka kowane magani da kuɗinsa daban, kuma ka tambaya ko akwai jenerik, domin sinadarin ɗaya ne, sunan kamfani ne ke ƙara tsada. Da dare ko ranar Lahadi sai ka nemi farmasin da ke gadi.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne lokacin da kuɗin hannunsu bai kai ba. Sai su ce a ba da rabin kowane magani. Wannan ɓarna ce. Maganin zazzaɓin cizon sauro na Coartem sau shida ake shan sa cikin kwana uku, idan aka tsaya a tsakiya zazzaɓin na iya dawowa. Haka ma antibiyotik. Gara ka biya magani ɗaya mai muhimmanci cikakke, ka bar masa farasitamol da bitamin, su ba su da tsada, wani zai cika. Idan ba ka san wanne ne a gaba ba, mai farmasi zai faɗa maka. In akwai allura ko ƙarin ruwa, ka tabbata an haɗa da sirinji da tiyon ƙarin ruwan, kada ya koma ɗaki a sake turo shi.

A ƙarshe ka sa a buga hatimi a takardar cewa an sallame ta, a rubuta sunan mara lafiya a jikin kwalin. Masu damfara da takarda ɗaya suke zagayawa, ko su mayar da maganin su karɓi kuɗi. Kwali mai rubutu ba ya sayuwa.

Abban Sani (Lazare):
Hajiya ta yi bayani, sai dai ina da ja a wuri ɗaya. Ba kullum magani ne matsalar ba. Wanda ya kawo mara lafiya daga ƙauyen Filinge ko Dogon Dutsi, sau da yawa ya sayar da akuya ya sayi maganin, abin da ya rasa shi ne na koko da safe, sabulu, da kuɗin motar komawa. Irin wannan idan ka ce sai dai farmasi, ba ka taɓa inda ke masa ciwo ba. Jika ɗaya ko biyu a hannu, ko kwanon shinkafa da wake daga masu abinci na bakin ƙofa, ya fi masa amfani. Ka tambaye shi kawai: kun ci abinci yau?

Kuma a tuna, tun 2006 gwamnati ta ce kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, haka ma tiyatar haihuwa. Ana rubuta takarda a je waje ne idan maganin ya yanke a ciki. Saboda haka idan yaro ne, a fara tambayar majo, wato babban ma'aikacin jinya na ɗakin, ko akwai maganin. Manyan asibitoci kuma suna da ofishin taimakon marasa ƙarfi, mutanen ƙauye da yawa ba su san da shi ba. Raka mutum har ƙofar ofishin, musamman in ba ya jin Zabarmanci ko Faransanci, wani lokaci ya fi kuɗin da za ka ba shi.

Malam Na Wadata:
Ku yi hattara da yadda ake binciken. Duba takarda a gefe, murya ƙasa, ba a tsakiyar jama'a kamar ɗan sanda ba. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma ɗaukar hoton mutum da ledar magani a sa a Facebook yana cikin cutarwa, ko da an ce don a zaburar da wasu ne. Idan ka ga alamar ƙarya, ka ce Allah Ya hore, ka wuce. Ba sai an tara masa mutane ba.

Shi ma mai karɓa akwai nasa ladabi. Ya faɗi ainihin abin da ya rage, in ya riga ya samu jika uku cikin goma ya ce bakwai yake nema. Kada ya ji nauyin bin mutum farmasi, ba zargi ba ne. Ya yi godiya da addu'a, kada ya nemi lambar waya sai in an ba shi, in an ba shi kuma kada ya mayar da ita ta kira kowane mako.

Maman Hadiza:
Abban Sani, na yarda da batun abinci. Ƙari ɗaya: daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓi ke kwantar da yara, abin da ake nema sau da yawa jini ne, shi kuma ba a farmasi yake ba. Mai shekara 18 zuwa sama, mai nauyin kilo 50 aƙalla, lafiyayye, yana iya zuwa cibiyar ƙarin jini ta ƙasa ya bayar. Ba ya kai rabin lita, za a gwada ka kafin a ɗiba. Ka ci abinci ka sha ruwa sosai kafin ka je, kuma namiji ya bar wata uku tsakanin bayarwa da bayarwa, mace wata huɗu.