Tun da aka cire wa motata indomie wutar cek ta ƙi mutuwa, ga shan mai

Direban Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka san kan mota. Camry ce ta 2008 mai inji 2.4, tokumbo na saye ta, kuma da ita nake haya a Legas, kullum tsakanin Agege da Ikeja, wani sa'in har Obalende. Watan jiya ta fara nauyi. In na taka totur a gadar Third Mainland sai ta yi ta nishi kamar an ɗaure ta da igiya ta baya, tamanin ma da ƙyar take kaiwa, ga wata ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Na kai ta wurin wani mai salansa. Ya tara hannu a bakin bututu ya ce hayaƙi ba ya fita, indomie ta toshe, wato abin nan mai tace hayaƙi da ke cikin tulun salansa. Ya kwance manifol, wato bututun da ke kwasar hayaƙi daga inji, ya yanka tulun, ya farfasa abin da ke ciki da rodi, ya zazzage a buhu, ya yi walda ya mayar. A gabana aka yi. Abin kamar saƙar zuma yake, fari-fari, wani wurin ya narke ya dunƙule. Bai ba ni ba, ni ma ban tambaya ba, sai daga baya na ji ashe kuɗi ne.

A ranar motar ta sake, har na yi murna. Bayan kwana biyu wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji da ke jikin mita, ta kama, a tsaye take, ba ta ƙiftawa. Na koma, ya cire kan batir ya mayar, ta mutu. Washegari da yamma ta dawo. Yanzu cewa yake a kwance mita a rufe wutar da baƙin salatif, wai duk motar da aka yi wa wannan aiki haka take.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mai. Tankin da ke kai ni kwana huɗu yanzu uku ba ya cikawa, kuma kun san tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023 lita ba abin wasa ba ce. Da safe in na tayar ina jin tas-tas-tas a gaban inji, sai ta ɗumama yake raguwa. Ga wari. Shekaranjiya a gosulon Ikorodu Road wata fasinja ta rufe hanci da mayafi har muka sauka, kunya ta ishe ni. Wani ya ce sensar oksijin ce ta mutu, in sayi guda biyu. Kafin in zuba kuɗi, don Allah me ke faruwa?

Mai Waya a Ladipo:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi komai tukuna, kuma kada ka yarda a taɓa mitar nan.

Motarka sensa biyu gare ta, kowacce da aikinta. Ta farko tana saman manifol, kafin hayaƙi ya shiga tulun katalis ɗin da muke ce wa indomie. Ita ce ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko mai ya yi yawa ko iska ta yi yawa, domin injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, bisa nauyi. Da maganarta ake ƙara mai ko a rage. Ta biyu tana ƙasa, bayan tulun, kuma babban aikinta sa ido a kan katalis. In katalis na aiki, karatunta a kwamfuta yakan zauna wuri guda, wajen volt 0.6 zuwa 0.8. In tulun fanko ne, hayaƙin da ya shiga shi ne ya fito, sai karatun ya dinga hawa da sauka tsakanin 0.1 da 0.9. Da ƙwaƙwalwa ta ga haka a tafiya biyu a jere sai ta rubuta lambar P0420 ta kunna wuta. Shi ya sa ba ta kama a ranar ba, shi ya sa kuma cire kan batir ya ba ka kwana ɗaya kawai. Sensar ba ta mutu ba, gaskiya take faɗa.

Amma P0420 ita kaɗai ba ta cinye maka tankin kwana guda. Wannan tas-tas ɗin da kake ji da safe shi ya ɗauki hankalina. Alamar yoyo ce, kuma ƙarfe in ya yi zafi yana kumbura ya matse kafar, sai ƙarar ta ragu. In kafar tana sama da sensar farko ko daf da ita, iskar waje na kutsawa, sensa ta ga oksijin ya yi yawa, ta ce mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara mai ba gaira ba dalili. Ka tambayi mai salansan: da ya mayar da manifol, sabon gaskit ya sa ko tsohon?

Je ka a sa mata kwamfuta. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin jona kwamfuta, OBD2 mai baki 16, taka yana ƙarƙashin sitiyari. Kada a goge komai sai ka ɗauki hoton lambobin. Ka ce a nuna maka layin da aka rubuta LTFT, wato yawan gyaran man da ƙwaƙwalwa ke yi. In yana tsakanin ragi 10 da ƙari 10 cikin ɗari, lafiya. In ya wuce haka ka dawo ka faɗa mana. A kuma duba wayar sensar farko, ko zafin walda ya taɓa ta. Tana da hita a ciki, don ba ta karatu sai ta yi zafi ƙwarai, kuma in hitar ta samu matsala za ka ga P0031 ko P0032.

Ɗan Mile 12:

Oga, ni Corolla gare ni, shekara biyu ke nan babu indomie. Wani ƙaramin ƙarfe aka ɗaura mini, sifesa suke ce masa, yana janye sensar baya daga tsakiyar hayaƙi. Tun ranar wuta ba ta sake kamawa ba. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wa ke da kuɗin katalis a wannan marra?

Mai Waya a Ladipo:

Ƙanena, ba ƙarya ka yi ba, wani lokaci yana kashe wutar. A wata motar kuma lambar ce kawai ke canzawa, ƙwaƙwalwa ta ce sensa ta yi sanyin jiki, wuta ta dawo. Ko ya yi aiki, ido aka rufe wa motar, hayaƙin yana nan yadda yake. Kuma ba zai rage wa wannan bawan Allah ko cokali ɗaya na man da yake asara ba, tunda matsalarsa a gaba take.

Duk da haka sifesa ya fi salatif sau dubu. Wutar cek ɗaya ce tak, amma ɗaruruwan lambobi ke kunna ta. Ran da koyil ko fulogi ya mutu, silinda ta daina kamawa, wutar ƙiftawa take yi, ma'ana ka tsaya yanzu. Wanda ya rufe ta da salatif ba zai gani ba.

Maman Yara, Idi Araba:

Ni maganar warin ce ta sa na sa baki. Tamu indomie ɗin sace ta aka yi, a wani gareji da muka bar motar ta kwana biyu. Ba mu sani ba sai da ƙararta ta canza. Wanda ya duba mana daga baya ya ce akwai ƙarafa masu tsada a jikin saƙar, filatinam da faladiyam da rodiyam, su ake nema. Su ne kuma ke mayar da gubar hayaƙi ta zama iska mai dama-dama. Wata uku muka yi a haka, kuma duk ran da na ɗauko yara daga makaranta muka maƙale a Mushin, ƙaramar sai ta ce kanta na ciwo. Ashe inda aka yi waldar yana yoyo a ƙarƙashin kujera. Malam, wanda kake ji a hanci ba shi ne mafi haɗari ba. Kabon monoksaid, irin na janareta da ke kashe mutane a ɗaki, ba shi da wari ko kaɗan. Kai da kake wuni a mota, ga yoyo a gaban inji inda fanka ke jawo iska, don Allah ka gaggauta.

Direban Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta hana ni barci, don ni ma kwanan nan ina komawa gida da nauyin kai, ina ɗora wa gajiya.

Jiya na je an sa kwamfuta. Lamba biyu suka fito, P0420 da P0171, wadda ke nufin iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. LTFT ɗin ƙari 23 ya nuna a silo. Babu lambar hita. Muka bar injin ya huce sarai, yaron garejin ya kaɗa ruwan sabulu a gora ya fesa a bakin manifol, aka tayar. Nan take kumfa ta tashi a wajen silinda ta huɗu, wurin ma duk baƙin toka ne. Da aka kwance, tsohon gaskit ne, ya tsage, an shafe shi da wani jan gam. Goro ɗaya kuma a kwance yake, da hannu na juya shi. A layin waldar ma an samu 'yar kafa kamar ta allura, ba ta fi yatsa biyu daga sensar ba.

An sa sabon gaskit, an cire kan batir kafin a gyara waldar, an goge lambobi. Na zaga da ita har Oshodi na dawo, aka sake dubawa, ƙari 5. Tas-tas ya tafi. Na san P0420 za ta dawo, kuma na yanke shawara ba zan sa sifesa ba, tara kuɗi zan yi in sayi manifol na tokumbo mai katalis. Tsorona kada a sayar mini da fanko. Oga, ta yaya zan gane mai kyau?

Mai Waya a Ladipo:

Alhamdu lillahi. Wannan jan gam ɗin ma abin dubawa ne, domin wani silikon ɗin in ya ƙone yana lalata sensa. Tunda karatun ya sauko zuwa 5, taka ta tsira.

In ka zo kasuwarmu ta kayan mota a Ladipo ka zo da tocila. Haska ta ramin sensa da ta ƙasan tulun. Saƙar ta kasance a cike har gefe, ramukanta a buɗe, babu narkewa, babu gutsurewa. Girgiza shi kusa da kunnenka, in ka ji motsi a ciki ajiye musu. Bi jikin tulun da yatsa, in ka ga sabon layin walda ko fenti a wuri ɗaya, an taɓa buɗe shi. Ka ɗaga biyu ko uku ka gwada nauyi, fanko ba ya ɓuya a hannu. Ku yi yarjejeniya da mai kaya cewa in P0420 ta dawo cikin mako guda zai canza, a rubuta a rasit.

Sai dai kafin ka ɗora shi, ka nemo abin da ya narkar da na farko, don katalis ba ta narkewa haka kawai. Ɗanyen mai ne ke zuwa ya ƙone a cikinta, ko baƙin mai ya toshe ta. A ciro fulogi huɗun a duba bakinsu, a gwada koyil. Ka cika baƙin mai daidai layin sama, ka rubuta kilomita, bayan 1,000 ka sake ciro sandar ka gani. In ya sauka sosai ka fara da inji tukuna. Ka turo mini hoton fulogin in an ciro.