Waya biyu tsakanin modem da rauta: saurin intanet na ninkuwa ko a'a?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Intanet ɗin da nake biya na megabit 1,200 ne a daƙiƙa, amma duk gwajin da na yi ba ya wuce 940. Modem ɗina, akwatin da ke shigo da intanet gida, na da ramin Ethernet biyu na jona waya, rautar da ke raba intanet ɗin ga na'urorin gida ma tana yarda a haɗa layi biyu. Wani abokina ya rantse min cewa in na ƙara waya ta biyu na kunna LACP, tsarin da ke haɗa wayoyi biyu su yi aiki kamar layi ɗaya, saurin zai ninka. Haka ne?

Mai gyaran kwamfuta: Wa'alaikumus salam. Haka ne mana. Rami ɗaya gigabit ɗaya, wato megabit 1,000, biyu gigabit biyu. 940 ɗin nan ita ce iyakar ramin gigabit, ragowar tana tafiya ne a adireshi da alamomin da ake liƙa wa kowane ƙunshin bayanai. Ƙara waya, iyakar ta ɗaga.

Injiniya: Malam, bayaninka kan 940 daidai ne, amma maganar ninkuwa ban yarda ba. Na farko, megabit 1,200 kamfanin intanet ya sayar masa. Ko waya goma ya jera, a nan zai tsaya. Na biyu, kuma nan ne mutane ke ruɗewa: tsarin nan, wanda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 2000 da sunan 802.3ad, daga baya a 2008 ya koma 802.1AX, ba ya tsaga haɗi guda gida biyu. Na'urar na duba adireshin mai aikawa da na mai karɓa, ta yi lissafi, ta ɗora haɗin a kan waya ɗaya, a can zai zauna har ya ƙare. Babban fayil guda da ke saukowa ta haɗi ɗaya ba zai wuce 940 ba.

Mai gyaran kwamfuta: To ai na ga gwajin sauri ya haura 1,000 da idona bayan an haɗa.

Injiniya: Ban musa ba. Manhajar gwajin sauri ta Speedtest na buɗe haɗi da yawa a lokaci guda, in an yi sa'a wasu su bi wannan waya, wasu su bi waccan. Amma sai in lissafin rabon ya haɗa da adireshin IP, wato adireshin intanet, da lambar ƙofar haɗin da ke bambanta haɗi da haɗi. In adireshin MAC, wato lambar shaidar ita kanta na'urar, kaɗai ake dubawa, an gama magana, domin tsakanin rautarka da na'urar kamfani adireshi biyu ne kacal, ba sa canzawa, komai zai tattaru a waya ɗaya. Wani abin kuma, mai aikawa ne ke zaɓen waya. A wajen saukewa modem ne mai aikawa, kuma ba kasafai yake ba ka damar taɓa wannan saitin ba.

Malama: Ni na gwada a gidana, bari in faɗi abin da na gani. Na kunna LACP a modem, na kunna a rauta, na kashe su na sake kunnawa. Na jona kwamfutata na fara sauke wani ƙaton fayil, na durƙusa ina kallon bayan modem: fitilar rami ɗaya na ta ƙiftawa ba tsayawa, ɗayar kuwa sai jefi-jefi. Raina ya ɓaci, na ɗauka wayar ce ta lalace, har na musanya ta. Sai da ƙanena ya jona tasa kwamfutar ya fara nasa saukewar, sannan fitilun biyu suka ɗauka tare, jimillar ta haura 1,000. Ashe ramin kwamfutata ma na gigabit ɗaya ne, ko modem ya turo fiye da haka ba ta inda zai shiga.

Mai gyaran kwamfuta: Yauwa Malama, ke kin ba ni hujja. Ya ƙaru ke nan.

Malama: Ya ƙaru ga gidan, Malam, bai ƙaru ga kwamfutata ba. Shi kuma mai tambaya ninkuwa aka yi masa alkawari.

Mai gyaran kwamfuta: Amma Injiniya, a tsarin kwamfuta na Linux akwai yanayin da ake jefa ƙunshi ɗaya nan, ɗaya can, bi da bi. Wannan ai yana tsaga haɗi guda.

Injiniya: Akwai shi, amma ba LACP ba ne, kuma modem ɗin gida ba haka yake aiki ba. Yana da illa ma: ƙunshin baya kan riga na gaba isowa, TCP, tsarin da ke lura da isowar ƙunshin bayanai, ya zaci wani ya ɓace, ya sake aikawa ya kuma rage gudu. Gudun haka ne ya sa aka ɗaure kowane haɗi a waya ɗaya tun farko. Wanda yake son na'ura guda ta ci 1,200 ɗin nan, ya nemi modem da rauta da kwamfuta masu ramin gigabit 2.5. Tun 2016 aka fitar da ƙa'idarsa, 802.3bz, kuma yana tafiya a kan wayar Ethernet ta yau da kullum irin Cat5e har mita 100, ba sai an sake jan waya ba.

Mai gyaran kwamfuta: Sauya na'ura uku kake cewa, alhali guntuwar waya tana ajiye a durowarsa. Megabit wajen 260 da yake biya suna zubewa kullum, ga mutane da yawa a gida. Sannan in waya ɗaya ta mutu, ɗayar ta riƙe layin. Ni dai har yanzu ina cewa ya haɗa.

Injiniya: A kan wannan ba ni da ja. Ya haɗa, amma ya kunna LACP a ɓangarorin biyu kafin ya soka waya ta biyu. Kalmar "ninkawa" ce kawai ba zan bari ta wuce ba, don ita ke sa mutum ya kwana yana zargin kayansa alhali lafiyarsu ƙalau.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Yanzu na duba, ramin kwamfutata gigabit ɗaya ne kamar na Malama. Anjima da dare zan kunna, in sa kwamfuta biyu su yi saukewa tare, in tsaya a bayan modem in ga ko fitila ta biyu za ta motsa.