Abin da muka tsinta kan man fata mai peftayid

A wata hira, wata likitar fata ta ce peftayid guntayen furotin ne da ke zaburar da fata ta ƙara yin kolajin, wato furotin da ke ba fata ƙarfi. Wanda aka fi ambata shi ne GHK-Cu, mai haɗe da jan ƙarfe, wanda Loren Pickart ya gano a jinin ɗan Adam a 1973.

Ta nanata a yi haƙuri: watanni ake yi kafin layukan gefen ido su ɗan lafa, kuma retinol (wani nau'in bitamin A) da man kariya daga rana sun fi man peftayid hujja. Gargaɗinta ne ya fi tsaya min a rai: kada a yarda da allurar peftayid daga kwalba marar rajista. Shi kuma man, a fara gwada shi a bayan kunne don a ga ko fata za ta karɓe shi.