Kowa ya ci ladan kuturu... wane ne kuturun a zancen Sarauniya?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya a majalisarmu saura kaɗan a ba hammata iska kan mutuwar Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu. Wani abokinmu ya ce ita kam ba ruwanta, lokacin da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ko haihuwarta ba a yi ba sai 1926, sai wani dattijo ya kada baki ya ce "kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski", ta hau gadon ta shekara 70 a kai. Tun jiya nake juya maganar, wai a nan wane ne kuturun, mu ne ko sarautar?

Malam Na Zage: Wa alaikumus salam. Sarautar ce kuturun mana. Ta karɓi kambun da lu'ulu'un da aka kwaso daga Indiya da Afirka ta Kudu, to askin shi ne ɗaukar laifin gidan. Ba a cin gado a ƙi biyan bashi.

Uwar Biyu: A'a malam ka juya ta. Kuturu shi ne mai biya ai. Wa ya biya haraji da jangali? Gyaɗar wa aka yi dala da ita a Kano? Mu muka biya lada, har yau kanmu da suma.

Baban Sadik: Ni dai limaminmu ya ja kunne ranar Juma'a, ya kawo hadisin da ya hana zagin matattu domin sun riga sun tarar da abin da suka gabatar. A bar ta da Mahaliccinta.

Malam Na Zage: Ba wanda ya zage ta Alhaji, lissafi ake yi. Kuma zancen ba a haife ta ba bai ci ba, tana Kenya aka gaya mata babanta ya mutu a 1952, a shekarar aka fara murƙushe 'yan Mau Mau masu yaƙi da mulkin Turawa a can, da sunan wa ake tsare mutane a sansani?

Jikar Hajja: Ku tsaya in ba ku labarin kakata Allah ya jiƙanta, don a gidanmu an taɓa faɗin wannan karin maganar kan wannan matar dai. Da ta zo Kaduna a 1956 aka yi babban hawan daba, Sardauna yana firimiya, sarakunan Arewa suka zo da dawakansu. Hajja tana 'yar shekara sha biyu tana tallan fura. Kakanta tsoho ne tukuf, yana yaro aka yi hijira da shi bayan Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, can aka kashe yayansa, shi ya sa har ya mutu ba ya cewa Bature sai dai Nasara. Ya rantse ba ɗan gidansa da zai je kallon 'yar Nasara. Hajja kuwa da asuba ta ɗauki ƙwaryarta ta sulale, ta ce ba ta taɓa ganin dawaki da lifidi da 'yan sulke irin na ranar ba, ƙura har cikin furar amma kafin azahar ta sayar kaf, ta koma gida ta ƙaro. Sarauniyar kuma, Hajja ta ce ita dai ta hango wata 'yar farar mata can nesa, har ta tambayi na kusa da ita wai wannan 'yar ficiciyar ce duk sarakai ke kai wa jinjina? Da daddare tsoho ya ɗauko bulala, ta zube masa kuɗin a gabansa, sulalla da kwabbai masu huji. Ya yi shiru, ya ce a kwashe masa ƙazanta daga kan buzu. Kwana uku mai unguwa ya zo karɓar haraji ba ko anini a gidan, da kuɗin furar nan aka biya. Matarsa tana daga ɗaki ta ce to malam an ci ladan kuturu saura aski. Hajja ta ce sati guda bai yi wa tsohuwar magana ba.

Uwar Biyu: Hahaha wallahi tsohuwar nan ta iya baƙar magana. Amma ki lura kuɗin ai hannun Nasaran suka koma, to wa ya ci ladan?

Jikar Hajja: Haka shi ma ya ce daga baya, wai shi bai ci ba wucewa kawai suka yi ta zaurensa.

Ɗan Fagge: Abin dariya, a wannan zuwan ta je har asibitin kutare na Oji River a Gabas. Ko ita ma askin ta je yi?

Sarkin Zolaya: Ku bar matar nan ta huta. Namu na gida fa? An ba shi ƙuri'a ya ci ya sha, ko aska bai taɓa wasawa ba, ciwon kai kaɗan sai Landan, ina jin wasu sun fi ɗanta Charles sanin unguwannin garin.

Baban Sadik: Laifi tudu ne. Ga zaɓe na tafe, wanda ya karɓi taliya da atamfa shi ma kar ya yi kuka ranar aski.

Sarkin Zolaya: Alhaji ni sabulu ɗaya aka ba ni a 2019, har yau ni ake yi wa askin, kuma ba ruwa.

Malam Na Zage: Kun watsa zancen. Har 1963 ita ce sarauniyar Najeriya a takarda, kar a manta.

Uwar Biyu: Jikar Hajja don Allah nawa ne ma kuɗin furar duka? Kuma bulalar ta sha ko ta tsira?

Jikar Hajja: Ta sha biyu kafin ta kwance bakin zanin.