RAV4 2008 'yar Kwatano, in saya ko in haƙura?

Baban_Ikram:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana harkar mota ku ba ni shawara. Dillali ya kawo min RAV4 2008 mai silinda huɗu, wai ko wata biyu ba ta yi da shigowa daga Kwatano ba, jikinta tsaf, esi na aiki, giya ma ba wata matsala a ɗan zagayen da muka yi. Ni dai abin da ya sa nake son mai tudu hanyar garinmu ce, da damina ƙaramar mota ba ta shiga sai ka ajiye ta a bakin titi ka hau mashin. To amma wani abokin aikina ya ce wai injin wannan shekarar shan baƙin mai yake kamar me, wani kuma ya ce CR-V ta fi. Sannan na ji ana maganar wai kamfani ya taɓa kiran a maido su saboda matsala, shin wannan ya shafe mu nan ne ko abin Amurka ne kawai?

Injiniya_KofarRuwa:

Wa alaikumussalam. Alhaji abokin aikinka bai yi ƙarya ba. Injin da ke cikin ta 2006 zuwa 2008 shi ne 2AZ-FE mai lita 2.4, irin na Camry muscle ta farko, kuma matsalarsa daga ringin fistin take, ringin da ke share mai yana toshewa sai man ya riƙa haurawa sama yana ƙonewa tare da fetur. Abin haushin ba lallai ka ga hayaƙi a salansa ba, ba ɗigo a ƙasa, kawai wata rana ka zaro ma'aunin mai ka gan shi a bushe, wanda bai saba dubawa ba kuma sai dai ya ji injin ya fara ƙwanƙwasa a kan hanya. Toyota da kansu sun amsa laifin, can Amurka sun canza wa mutane fistin da ringi kyauta, amma wa'adin wannan ya wuce tuni kuma dama ba ya zuwa nan.

Ba duka ba ne suke sha fa, akwai waɗanda aka gyara tun can. In za ka duba, ka je da sassafe kafin a tada ta, don dillalai sun iya ɗumama mota kafin mai saye ya iso. Ka sa bakanikenka ya kwance filogi duka huɗun, in ka ga bakinsu ya yi baƙi da maiƙo ko farin toka ya daskare a kai to ka san labarin. Ka shafa yatsa cikin bakin salansa, ka buɗe murfin mai ka leƙa da tocilan waya. In kuma ka ga an zuba mata mai mai kauri sosai sabo fil, ka tambayi dalili, ana yin haka don a rufe ƙara da hayaƙi.

Ni dai in da hali ƙara kuɗi ka nemi 2009 zuwa 2012, jiki kusan ɗaya ne amma injin ya koma 2.5, 2AR-FE, shi ba ya wannan halin. Sauran ƙananan abubuwa ne, ƙarar ƙwas-ƙwas a sitiyari in kana juyawa a hankali, sai fanfon ruwa, duk kayansu na nan a kasuwa.

Maman_Sultan:

Ta maigidana CR-V 2009 ce, injin ba mu taɓa jin kansa ba gaskiya, amma esi ya ci mana kuɗi, kwamfuresa ce ta mutu a tsakiyar zafin azumi, sai makullan ƙofa da suke buɗe kansu su rufe kansu. Kuma ku duba ƙarƙashinta da kyau in daga jihohin ƙanƙara ta fito, gishirin da suke zubawa a titi yana cinye ƙarfe, a 2023 ma Honda ta kira CR-V 2007 zuwa 2011 saboda tsatsar firem na baya.

Sadauki_Abj:

Baban Ikram maganar kiran da ka tambaya ita ce ma ta fi damuna fiye da shan mai, don shan mai aljihu yake taɓawa, wannan kuwa rai ne. Eh a Amurka aka yi kiran, amma ai motar ce dai ta taho nan da matsalarta, in mai ita na farko bai kai an gyara ba kafin a yi gwanjonta to haka za ka hau da iyalanka.

Babba a cikinsu na ƙafar baya ne. A 2012 Toyota ta kira RAV4 2006 zuwa 2011 saboda wani ƙarfe da ake saita tayar baya da shi wajen alaimen, in ba a ɗaure notinsa yadda ya kamata ba sai ya riƙa wasa, tsatsa ta ci zaren, ƙarshe ya rabu kana cikin gudu motar ta ƙwace. Gyaran farko bai yi ba sai da suka sake kira a 2013, suka kuma sake a 2016. Yanzu ka tuna yadda ake alaimen a wurinmu, yaro ne da sifana zai shiga ƙarƙashi ya ɗaure da ƙarfin hannunsa ya ce an gama oga, ga ramukan hanya kuma. Akwai na 2016 na bel ɗin kujerar baya, wai in an yi mummunan karo ƙarfen kujerar zai iya yanke shi, wannan motoci kusan miliyan uku ya shafa a duniya. Akwai na 2014 na wayar da ke cikin sitiyari wadda in ta lalace balan-balan ɗin direba ba zai fito ba, da na makunnin gilashin ƙofar direba da yake iya narkewa.

Dubawa ba wuya, lambar chasis ɗin nan mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ka ɗauke ta ka sa a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, kyauta ne, zai nuna maka kiran da ba a yi mata ba, in dai 'yar Amurka ce. Ka kuma kunna makulli ka ga fitilar balan-balan ta kama sannan ta mutu da kanta, in ba ta kama ba sam to wataƙila wani ya cire ƙwan ne.

Baban_Ikram:

Allah ya saka da alheri, wallahi na ƙaru. Injiniya to in filogin ya fito fes fa, in saya?

Injiniya_KofarRuwa:

In fes ɗin na sabon filogi ne ba ka ga komai ba tukuna Alhaji, sai a gwada kwamfureshan, wato ƙarfin matsin da ke cikin silinda. In ya yi daidai kuma lambar chasis ta fito lafiya ka taya, amma ka rage kuɗin ringi a cikin tayin ko da za a buƙata, kuma kar ka bari a taɓa alaimen ɗin baya sai wurin da suke da na'ura da sifanar auna ɗauri. Turo min hoton filogin in kun kwance.