Neman shawara: T430 ko T440p, wacce zan tayar in sa mata sabon sikirin?

Mai tambaya, daga Rigasa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana kwamfuta ku taimaka min. Sana'ata zanen katin biki da kalandar walima, kuma wata uku ke nan da laftof ɗin aro nake aiki. Makon jiya kawuna ya ba ni tsofaffin ThinkPad guda biyu da suka daɗe a ƙarƙashin gadonsa. Ɗaya T430 ce, tana kunnuwa, amma ƙarfen da ke riƙe murfinta ya karye, fuskarta kuma ta dishe. Ɗayar T440p ce, sikirin ɗinta ya fashe daga kusurwa, ba had dis, ba batir, ba caja. Ban ma san ko tana da rai ba.

So nake in haɗa su su zama ɗaya, in sa mata sikirin mai 1920x1080 irin wanda ake kira IPS, wato wanda launinsa ba ya canzawa ko ta wane gefe ka kalle shi. Ba don gayu ba ne. Kwanaki wata amarya ta zaɓi launin ruwan goro, ni kuwa a fuskar da nake aiki da ita in na sunkuya sai launin ya koma ja, in na ɗago ya koma ruwan ƙasa. Na yi kirdado na kai aka buga. Mahaifiyarta da kanta ta dawo min da kati ɗari biyu, ta ajiye su a kan teburina, ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Ɗana, ba wannan muka zaɓa ba." Har yau abin yana min ciwo.

Wacce zan tayar a cikinsu? Kuma me zan iya cirowa daga ɗaya in sa wa ɗayar?

Wani mai gyaran kwamfuta, Ahmadu Bello Way:

Wa alaikumus salam ƙanena. T440p za ka tayar, in tana da rai, kuma dalilin yana bayan sikirin. T430 ta 2012 ce, tsohuwar hanya take bi wajen tura hoto zuwa fuska, wadda ake kira LVDS, fuleks ɗinta, wato wayar da ke haɗa sikirin da cikin na'urar, mai fil 40. Iyakar abin da kamfani ya sa mata 1600x900 ne, shi ma irin mai canza launin nan da ya ja maka asara. Kafin ta ɗauki 1080 sai an sayo wani ɗan fanel na musamman an cusa mata a ciki yana yi wa na'urar da sabon sikirin tafinta. Ana yi, na taɓa yi, amma ba aikin ɗan koyo ba ne. T440p kuwa ta 2013 ce, sabuwar hanya mai suna eDP take amfani da ita mai fil 30, wato irin na sikirin ɗin zamani masu inci 14. Ka ɓalle firam ɗin gaba, ka kwance noti huɗu, ka zare fuleks, ka jona sabo. Shi ke nan.

Amma kar ka fitar da ko sisi tukuna. Kawo ta shago, ko ka samu wani mai gyara kusa da kai, a ara mata caja, a jona ta da wata fuska ta ramin VGA da ke gefenta. In ta nuna hoto, a shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar kafin Windows ya tashi, a duba ko an kulle ta da kalmar sirri. Da yawa daga ofisoshi suke fitowa a kulle, buɗe su kuma wahala ce mai zaman kanta.

Batun haɗa kaya, kar ka sa rai da yawa. Had dis zai shiga, girmansu ɗaya. Firosesa ba zai shiga ba, mazauninsu daban. Batir daban. Caja ma daban, ta T430 bakinta zagaye, ta T440p mai kusurwa huɗu ce kamar bakin USB. Ram, wato ma'adanar aikin wucin gadi, shi ne kaɗai sai ka karanta 'yar takardar da ke manne a jikinsa. In ka ga PC3L, da harafin L, zai yi. In PC3 ne kawai ba L, bar shi inda yake, don T440p mai ƙaramar wuta take so, bolt 1.35.

Wata mai shagon buga takardu, Kawo:

Ni dai ɗana ga tawa, ka yi haƙuri in ba ita kake son ji ba. Sikirin, batir, caja, SSD (ma'ajiya mai sauri da ke maye gurbin had dis), wataƙila da ram. Zauna da biro ka tara kuɗinsu, sannan ka tambayi farashin T480 ta hannu. Ta 2018 ce, galibinsu suna ɗaukar Windows 11 ba tare da wata dabara ba. Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, T440p kuma ba ta cikin waɗanda suka amince wa hawa na 11. Mai neman abinci da na'ura bai kamata ya wuni yana jinyarta ba. Ka sayar da biyun ga masu neman kayan gyara, ka cika ka sayi lafiyayya.

Mai gyara:

Hajiya maganarki gaskiya ce, lissafin nan wajibi ne. Sai dai T480 ɗin da ke shigowa kasuwa ba duka ne masu IPS ba, akwai masu 1366x768 da yawa, sai ya saya ya koma gidan jiya. Ita wannan kuwa gangar jikinta kyauta ya samu, kuma kaɗan-kaɗan zai riƙa saye gwargwadon aljihunsa.

Wani ɗalibin Kaduna Polytechnic:

Yaya ni T440p ɗin nake riƙe da ita yanzu haka, da hannuna na canza sikirin. Abu biyu zan roƙe ka. Na farko, ka cire batir, ka zare caja, ka danne madannin kunnawa na ɗan lokaci kafin ka taɓa fuleks. Wani abokina ya yi gaggawa bai cire ba, fiyus ɗin hasken fuska ya ƙone a kan babban fanel na cikin kwamfutar. Kwamfuta na aiki, fuska baƙi ƙirin, sai ka haska tocila ka ga hoto can ciki kamar inuwa.

Na biyu, wajen saye. Ba kowane mai 1080 ne IPS ba. Lambar da na sa AUO B140HAN01.3 ce, ana kuma yabon Innolux N140HCE-EN1. In daga Computer Village ta Ikeja za a aiko maka, ka ce a ɗauko hoton takardar da ke bayan sikirin ɗin kafin ka tura kuɗi, don wasu "makamancinsa" suke turowa. Ka tabbatar yana da kunnuwan ɗaure noti sama da ƙasa. In ya iso ka kunna, ka kalle shi ta gefe, ka kwantar da murfin baya. Launi bai motsa ba, to shi ne.

Windows kuwa ni Linux Mint na sa a madadinsa, lafiya lau. Amma in CorelDRAW kake zane da shi ba ya hawa can, sai dai ka koyi wata manhajar zane, Inkscape.

Wani dattijo mai injin buga kati, Tudun Wada:

Yaro, na ji zancen katin nan har raina, don a gabana ake irin wannan dawowar. IPS zai hana launi yawo in ka motsa kai, wannan alheri ne babba. Amma ba zai sa abin da ka gani ya fito daidai a takarda ba. Fuska da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi. Mu kuma tawada huɗu muke haɗawa, CMYK. Ruwan goro mai ƙyalli yana daga cikin waɗanda suka fi mutuwa a takarda. Tun farko ka buɗe aikinka a CMYK, sannan ka sa a buga maka guda ɗaya tak, ka kai wa masu biki su riƙe a hannu su ce sun yarda, kafin a saki inji.

Mai gyara:

Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: za a zuga ka ka sa mata firosesa i7 mai ƙwaƙwalwa huɗu tunda firosesarta na ciruwa. Bar shi zuwa gaba. SSD da ram giga 16, wanda shi ne iyakarta, sun fi shi amfani a aikinka. In lokacin ya yi ka nemi i7-4702MQ mai wat 37, ba masu 47 ba, da caja mai wat 90. Zafin Kaduna na Maris da Afrilu ba ya raga wa fanka, balle ƙurar hunturu ta toshe ta. Noti biyu ne a murfin ƙasa, buɗe ka share, a sa sabon man sanyaya firosesa.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara arziki. Yau da safe na kai ta wajen wani mai gyara a nan Rigasa. Da aka jona VGA sai ga tambarin ThinkPad ya fito, wallahi sai da na yi hamdala a bayyane. BIOS a buɗe take. Ram ɗin T430 guda biyu ne, ɗaya PC3L giga 4, ɗayan ba L, na mayar da shi. Hajiya na yi lissafin da kika ce, sikirin da caja da SSD zan fara saye, batir sai bayan bikin da ke hannuna. Baba, ranar Asabar insha Allah zan shigo Tudun Wada da gwajin kati ɗaya ka duba min launin.

Saura abu ɗaya. Wajen jan linzaminta duk faifan ne yake lotsawa in na danna, ba madannai a samansa. Lalacewa ya yi ko haka yake?

Ɗalibin Polytechnic:

Haka aka yi shi yaya, kowa na kuka da shi. Na T450 mai madannai uku yana shiga wurin daidai. Ka tambaya a haɗo maka da sikirin ɗin, kuɗin mota ɗaya.