Na daina shan taba ciwon hanjina ya tashi, in koma ne?

Abu_Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san ciwon nan na gyambon babban hanji da likitoci ke ce wa kolaitis. Ni tela ne a Kano, shekarata 38, tun ina saurayi nake shan sigari kusan rabin kwali a rana, bara da azumi Allah ya taimake ni na ajiye ta gaba ɗaya. Bayan 'yan watanni sai na fara ganin jini da majina in na zaga, kowa ya ce basir ne, na sha jiƙe-jiƙe na sha Flagyl daga kemis har na gaji, daga ƙarshe aka tura ni wajen likitan hanji ya zura min kyamara ya ɗebi nama aka gwada aka ce kolaitis ne. Ya ɗora ni kan mesalazin abin ya lafa. To yanzu ya sake tashi, ina zagayawa kamar sau biyar a rana da jini, cikin dare ma sai na tashi, ga murɗa, alwala ba ta zama, zaman kan keke ma ya fara gagarata. Wani abokina ya ce ya gani a intanet wai masu shan taba ciwon nan ba ya kama su sosai, ni kuma in na tuna wlh lokacin da nake sha ban taɓa ganin jini ba. Ranar ganin likita sai wata mai zuwa. In koma ko kara biyu uku ne a rana har ya lafa? Ko in fara ragowar firednisolon, maganin kwantar da kumburin hanji, da ke wajena?

Dan_Katsina:
Wa'alaikumussalam. Malam kar ka soma, Allah ya raba ka da abu ka koma da ƙafarka? Wannan zancen kamfanonin taba ne kawai suke yaɗawa don su sayar da kayansu, taba ba ta maganin komai. Allah ya ba ka lafiya.

Maman_Ilham:
Sannu Abu Khalifa, Allah ya ƙara sauƙi. Ni aikin haɗa magunguna na karanta kuma a asibiti nake aiki. Malam Dan Katsina na yarda da kai kar ya koma, amma maganar abokinsa ba ƙarya ba ce, in muka ce masa ƙarya ce alhali shi ya gani a jikinsa ba zai ƙara sauraronmu ba. Tun 1982 wasu likitoci a Kadif ta ƙasar Birtaniya suka wallafa cewa mafi yawan masu kolaitis ba masu shan taba ba ne, kuma an sha gani mutum ya daina sha sai ciwon ya bayyana ko ya tsananta, irin labarinka ke nan. Likitocin garin sun gwada filastar nikotin, wato sinadarin da ke cikin taba, da ake mannawa a fata, suka fitar da sakamako a 1994: mutum 72 masu ciwo a tashe, sati shida, a cikin 35 da aka manna wa ta gaske 17 ciwon ya kwanta musu, a cikin 37 da aka manna wa wadda babu magani a ciki 9 ne. Amma ka lura a kan maganinsu na asali aka ƙara ta, ba ita kaɗai ba, kuma da yawa sun yi fama da tashin zuciya da jiri da ciwon kai da rashin barci. A 1995 aka gwada ta wata shida don hana ciwon dawowa, ba ta yi komai ba. Shi ya sa har yau ba ta cikin magungunan da ake fara bayarwa.

Ita kuwa sigari hukumar lafiya ta duniya ta ce tana kashe kusan rabin waɗanda suka dawwama a kanta. Kuma lokacin da kolaitis yake tashe jini yana saurin daskarewa a jijiyar ƙafa ko huhu, taba tana ƙara wannan haɗarin. Kara biyu ukun nan kuma kai ka fi ni sanin yadda yake komawa rabin kwali.

Firednisolon ɗin nan dan Allah kar ka taɓa shi tukuna. A ƙasarmu jini da majina ba kullum ne tashin kolaitis ba, mai kolaitis ma yana kamuwa da atini na ƙwayar amiba, in ka sha siteroid irin firednisolon a kan amiba hanji zai iya hujewa. Gobe ka kai bayan gidanka a gwada, a duba yawan jininka, ka je asibitin ka ce musu ciwonka ya tashi, kar ka jira wata mai zuwa. Kar ka sha Imodium don tsayar da zawon, kar ka sha diklofenak ko ibufurofen saboda murɗar, farasitamol ya isa. In ya kai sau shida ko fiye a rana da jini, ga zazzaɓi ko bugun zuciya ya wuce 90 a minti ko cikinka ya kumbura, to wannan na kwanciya ne, ka tafi sashen gaggawa a daren. Nawa kake sha na mesalazin ɗin a rana, kuma kana sha kullum?

Sani_Manchester:
Ɗan'uwa ni ma ciwon nan gare ni kuma na yi abin da kake tunanin yi. Na koma taba a ɓoye, gaskiya jinin ya ragu na ɗan lokaci, ba zan ɓoye maka ba, amma ciwon ya sake tashi ina tsaka da shan tabar, ga tari ga kuɗi ga warin da iyali ke ji. Abin da ya ba ni mamaki shi ne da aka zo canza min magani nas ɗin da ke kula da masu ciwon hanji ta ce akwai wata ƙwaya tofasitinib da ba za su so ba ni ba saboda ina shan taba, hukumar magunguna ta Turai ta ce mai sha ko wanda ya daɗe yana sha kar a ba shi irinta sai in babu wata mafita, saboda haɗarin ciwon zuciya da ciwon daji. Wato tabar ta rage min zaɓi. Yanzu ina kan infiliksimab ta ƙarin ruwa duk bayan sati takwas, na sake dainawa, alhamdulillah. Wani abu kuma ka tambayi likitanka ya tabbatar maka kolaitis ne ba ɗan'uwansa ciwon hanji na Kuron ba, don wani lokaci suna kama, shi Kuron taba ƙara hura shi take yi, masu sha sun fi yawan kaiwa ga tiyata.

Abu_Khalifa:
Na gode ƙwarai Hajiya, na gode Malam Sani. Gaskiya maganin tsada gare shi kuma ba kowane kemis ake samu ba, da na ji sauƙi sai na koma ƙwaya ɗaya ta miligiram 800 a rana maimakon uku da aka rubuta min, wani lokacin ma in tsallake. Likitan ya rubuta min wani na cusawa ta dubura ban saya ba, kunya nake ji kuma na ɗauka na sha ya wadatar. Zazzaɓi dai babu.

Maman_Ilham:
To ai ga inda matsalar take Abu Khalifa, kafin a zargi barin taba. 800 a rana ya yi kaɗan ƙwarai, ukun da aka rubuta maka giram 2.4 ke nan, kuma in ciwo ya tashi likita yakan ɗaga shi har giram 4.8. Maganin nan ba a daina shi don an ji sauƙi, shi ne yake riƙe da sauƙin. Na cusawar kuma kar ka raina shi, kolaitis daga dubura yake farawa ya hau sama, na cusawa giram 1 da daddare yana zuwa daidai wurin da jinin ke fita, in aka haɗa shi da na sha ya fi kowanne shi kaɗai aiki. Babu abin kunya, kai kaɗai ne a ɗakinka kafin ka kwanta.

Maganar tsada ka gaya wa likitan ƙarara, akwai salfasalazin, tsohon magani ne ya fi araha, sai dai yana rage ƙwayoyin maniyyi lokacin da ake shansa, in kuna neman haihuwa ka faɗa masa, yana dawowa daidai in an daina. In gwajin bayan gida ya fito babu komai kuma mesalazin bai kwantar da shi ba, sannan a zo kan firednisolon, yawanci miligiram 40 ake farawa a dinga ragewa a hankali cikin kamar sati takwas, ba a yanke shi lokaci ɗaya kuma ba a zama a kansa saboda yana cin ƙashi yana tayar da suga da hawan jini. In aka ga kana yawan buƙatarsa sai a yi maganar azatayofirin ko irin na Malam Sani, su kuma suna rage ƙarfin garkuwar jiki, shi ya sa kafin a fara dole a duba tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, a wajenmu wannan gwajin ba na wasa ba ne. Filastar nikotin in kana so ka tambayi likitan, ga wanda ya taɓa shan taba irinka illarta ta fi sauƙi, kuma in sha'awar sigarin ce ta dawo maka za ta taimaka ta nan ma.

Abu_Khalifa:
Allah ya saka da alheri. Gobe da safe in sha Allah zan kai gwajin in wuce asibitin, na cusawar ma zan nema. Malam Sani dan Allah lokacin da naka yake tashe ya ka yi da azumi, ka sha ne ka rama ko ka iya yi?